Wane Ɗan Wane: Waiwaye Kan Gamin Wasiƙa a Zongon Kumasi

Gamin wasiƙa dabara ce ta rubuta takarda sau ɗaya a kwamfuta, sannan a fitar da ita ɗari ko dubu, kowace ɗauke da sunan wanda za a kai wa. Abubuwa biyu ake tanada kafin a fara. Akwai uwar wasiƙa, wato maganar da ba ta canzawa: sallama, dalilin rubutu, rana da wurin taro, sa hannun mai aikawa. Akwai kuma jadawalin mutane, inda kowa yake da layinsa, sunansa a gida guda, muƙaminsa a gida guda, unguwarsa da lambar wayarsa kowanne a nasa gidan. A jikin uwar wasiƙa ana barin gurabe, kowane gurbi da alamar abin da zai zauna a cikinsa. Idan aka ba da umarni, manhaja takan ɗauki layin farko ta cike guraben, ta fitar da shafi, ta sauka layi na biyu ta maimaita, har jadawalin ya ƙare. A fuskar Microsoft Word an rubuta wa aikin Mail Merge, kuma da wannan sunan ake tambayarsa a shagunan kwamfuta na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo.

Buƙatarsa a zongon Kumasi a bayyane take, domin unguwanni ne da ba sa rabuwa da taro: suna, ɗaurin aure, addu'ar bakwai da ta arba'in, maulidi, walimar sauka, naɗin sarauta, gidauniyar gyaran masallaci. Ga kuma makarantu. Tun da aka kafa sashen kula da ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana a 1987, makarantun da ke haɗa Larabci da boko suka shiga tsarin gwamnati, tare da duk takardun da tsarin ke tafe da su. A ce makaranta tana da yara 400. Kowanne yana jiran takardar sakamako a ƙarshen zangon karatu, iyayensa suna jiran takardar kiran taro, masu fita suna jiran takardar shaida. Malamin da zai rubuta waɗannan da hannu zai kwana uku a kansu. Wanda ya iya gami zai gama tsakanin azahar da la'asar, muddin jadawalinsa tsaf yake.

Raba wasiƙa gida biyu, abin da ke zaune da abin da ke canzawa, ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru a wannan ƙasa. Lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya isa Kumasi a 1817, da takwaransa Dupuis bayansa a 1820, sun tarar da Musulmi a fadar Asantehene, wato Sarkin Asante, Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da Larabci zuwa sarakunan arewa, suna kuma yi masa addu'a. Wani tarin takardunsu ya faɗa hannun mutanen Denmark bayan yaƙin Katamanso na 1826, yana nan ajiye a ɗakin karatu na masarauta a Copenhagen; mafi yawansa laƙani ne da addu'o'i, amma akwai wasiƙu a ciki. Duk wanda ya taɓa duba kundin malami ya san yadda ake barin gurbi a irin wannan rubutu: inda suna zai shiga sai a sa fulanu ɗan fulanu, abin da Bahaushe ke cewa wane ɗan wane. Almajiri ya kwafi rubutun kamar yadda yake, idan ya iso kan wane sai ya sa sunan mai buƙata. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ya bar wa fatake da almajirai littafi sukutum na Larabci kan ƙa'idar rubuta wasiƙa. Irin wannan littafi aikinsa ya nuna yadda ake buɗe magana da sarki, yadda ake buɗe ta da malami ko ɗan'uwa, da kirarin da ya dace da kowane matsayi. A zamanin, neman taimako kan wasiƙa yana nufin zuwa zauren malami, kuma malamin da ya riƙe alƙalami ya san mai aikawa, galibi ya san wanda ake aika wa.

Zongon da aka sani yau ya bunƙasa ne bayan zamanin Osei Bonsu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken goro, Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, yaƙin Yaa Asantewaa ya wuce a 1900, jirgin ƙasa ya iso a 1903. Hausawa da Mosawa da Wangarawa da Dagombawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da Kotokoli suka yi ta sauka, kowace ƙabila da sarkinta, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci. Gayyata a tsakaninsu da goro ake yinta. Mai suna ya sayi goro, a ƙulla shi ƙulli-ƙulli, a ba yaro ko sanƙira ya bi gida-gida. Saƙon guda ne, amma ɗan aike yakan gyara bakinsa a kowace ƙofa: yadda zai durƙusa wa liman daban, yadda zai gaida magajiya daban, yawan goron ma ba ɗaya ba ne. Jadawalin yana cikin kan tsofaffin gida, su suka san wanda idan aka tsallake shi za a shekara ana biko.

Mulkin Turawa ya kawo wata irin takarda, wadda malamin zaure ba shi da iko a kanta. Kotu da gidan waya da ofishin filaye Turanci suke ji. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami kamar ruwa, sai ya wayi gari mabuƙaci a gaban fom na shafi ɗaya. Daga nan sana'ar marubuta wasiƙa ta samu kasuwa, masu kafa tebur kusa da gidan waya da kotuna, da farko da alƙalami, daga baya da tafireta. Dokar da aka kafa a 1912 don kare marasa karatu ta wajabta wa irin wannan marubuci ya karanta wa mai takarda abin da ya rubuta, ya fassara masa har ya gane, ya kuma sa nasa sunan da adireshinsa a jiki. Ƙa'ida ce mai kyau, wadda ya kamata masu shagunan kwamfuta na yau su riƙe ko da ba wanda ya tilasta musu. Idan ana son kwafi da yawa, sai a jera takardar kabon a tafireta, ta ba da uku ko huɗu, na ƙarshen da kyar ake karanta shi. Makarantu da ƙungiyoyi masu hali sukan yanka sitansil su juya a injin Gestetner, a bar layin ɗige-ɗige a sama, sakatare ya zauna da biro yana cike sunaye. Har yau katin gayyata da ake bugowa daga maɗaba'a yana zuwa da wannan layi, da jerin muƙamai a gabansa, Alhaji da Hajiya da Malam, a soke waɗanda ba su dace ba.

Wani injin da ya ɗauke wa akawu wannan maimaici ya fito a Amurka a 1964, lokacin da kamfanin IBM ya haɗa tafireta da kaset na maganaɗisu mai riƙe rubutu, ta yadda za ta sake buga wasiƙa da kanta, a sa mata suna kawai. Wajajen 1980 manhajar WordStar ta zo da wani ƙari mai suna MailMerge, kuma tare da shi sunan ya yaɗu. Microsoft Word ta fito a 1983. Amma kafin waɗannan su iso hannun talaka a Kumasi an ɗauki lokaci. A shekarun 1990 ne shagunan sadarwa suka bazu, inda ake biya a buga waya, a aika fas, a kwafi takarda, a kuma buga rubutu a kwamfutar da ke kusurwa. Ghana ta samu cikakken haɗi da intanet a 1995, shagunan kafe suka biyo baya a farkon shekarun 2000. Yawancin masu zama a gaban waɗannan kwamfutoci daga tafireta suka taso, hannunsu da sauri, amma tunaninsu na tafireta ne. Idan aka kawo wasiƙa da sunaye tamanin, sai a buga ta farko, a goge suna a sa wani, a sake bugawa, haka har tamanin. Wannan hanya tana da tarko sananne: a canza sunan da ke sama, a manta da wanda ke tsakiyar magana, takardar Hajiya ta fita tana yi wa wani Alhaji godiya. Kuma da yake kuɗin aiki a kan shafi ake lissafa shi, babu abin da ke tura mai shago ya nemi gajeriyar hanya.

Wanda ya so koyo a wancan lokaci, a kafaɗar wani yake koya. Ɗalibin jami'ar Kwame Nkrumah ko na kwalejin fasaha ta Kumasi da ya dawo unguwa hutu, ma'aikacin banki a Adum da ake haɗuwa da shi a sahun asuba, malamin makarantar koyon kwamfuta mai ɗaki ɗaya: waɗannan su ne madogara. Manhajar tana da nata mataimaki, ɗan zanen maƙalin takarda mai idanu da ya zo da Office 97, yana leƙowa yana tambaya ko ana son taimako, amma da Turanci yake yi, kuma ba ya jin amsa. A 2007 aka cire shi gaba ɗaya, a kuma wannan fitowar aka sauya fuskar Word, aka tattara kayan gami a ƙarƙashin shafin Mailings. Waɗanda suka haddace tsohuwar hanya da hannu, ba tare da sanin dalilin kowane mataki ba, sai da suka koma ɗalibai. A shekarar ce kuma gyaran tsarin ilimi na Ghana ya sa darasin fasahar sadarwa a manhajar makarantun firamare da ƙaramar sakandare, ko da yake yara da dama a allo suka ga hoton kwamfuta kafin su taɓa ta.

Matakan aikin ba su da yawa. A shirya jadawali a Excel, layin farko ya ɗauki kanun gidaje, ba a bar layi fanko a tsakiya ba. A buɗe Word a rubuta uwar wasiƙa, a nuna mata inda jadawalin yake, a dasa gurabe, a duba samfuri, sannan a gama. Mai hankali ba ya tura gami kai tsaye zuwa firinta. Yakan fitar da shi a sabon fayil tukuna ya bi shi da ido, domin takarda da tawada kuɗi ne. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana yin aikin da tsari mai kama da wannan. Idan ta imel za a aika, Word tana buƙatar Outlook a kan kwamfutar.

Abin da ke kai mutane neman taimako kusan iri ɗaya ne shekara da shekaru. Lambar waya a Ghana lamba goma ce mai farawa da sifili, Excel kuwa yana ɗaukar ta a matsayin adadi, sai ya yar da sifilin. Maganinsa a mai da gidan na rubutu kafin a fara shigar da lambobi. Kwanan wata yakan juye ya bi tsarin Amurka, wata kafin rana, ta yadda taron 3 ga Afrilu zai fita kamar 4 ga Maris. Kuɗi yakan zo da wutsiyar lambobi bayan ɗigo, ko ya zo tsirara babu waƙafi. Waɗannan biyun ana gyara su ne a cikin gurbin kansa: a danna Alt da F9 tare, asalin umarnin ya bayyana, a ƙara masa alamar da ke faɗin siffar da ake so, \@ "dd/MM/yyyy" don kwanan wata, \# "#,##0.00" don kuɗi. Batun kuɗi yana da wani ƙulli na gida. A Yulin 2007 aka sauya sidi, dubu goma na tsoho ya koma ɗaya na sabo, amma bakin dattawa da na 'yan kasuwa bai sauya gaba ɗaya ba. Dattijo zai ce ya yi alkawarin miliyan ɗaya, yana nufin sidi 100. Sakataren da ya shigar da abin da kunnensa ya ji, takardar tunatarwa za ta fita da adadin da zai sa mai ita ya riƙe baki. Masu buga sunaye a kan ƙananan takardun liƙawa su ma suna da tasu matsalar: shafi ya fito cike da sunan mutum ɗaya, saboda ba a sa umarnin sauka layi na gaba a sauran gidajen ba. Dogon bayani kuma yakan yanke a harafi na 255, domin manhaja tana duba layukan farko ne kawai ta yanke hukuncin irin abin da ke cikin gidan. Idan aka sa dogon rubutu a layin farko sai matsalar ta kau.

Haruffa ma suna da nasu rikici. Ƙ da ɗ da ɓ na Hausa, da ɛ da ɔ na Twi, sukan koma alamar tambaya ko ɗan akwati idan aka adana jadawali a tsohon tsari, ko aka zaɓi salon rubutun da ba shi da su. Adanawa a tsarin UTF-8 da zaɓen salon da ya san haruffan yana warware wannan, kuma gara a bar kanun gidaje ba ƙugiya ba tazara. Takardar shaida mai Larabci da Turanci ta fi wuya, saboda ɗaya daga dama yake tafiya ɗaya daga hagu. Idan suna da lamba suka haɗu a layi guda sukan yi musayar wuri. Masu gogewa sukan ba kowane harshe nasa gida a jadawali da nasa akwati a shafi.

Duk waɗannan matsaloli ne masu amsa guda, ko a Kumasi ko a Landan. Abin da ya fi su nauyi shi ne suna. An gina manhajar ne a kan zaton kowane mutum yana da sunan farko da sunan iyali, da muƙami ɗaya daga cikin 'yan kaɗan, da gida mai lamba a kan titi mai suna. Tana ma da shiryayyen layin gaisuwa da shiryayyen adireshi bisa wannan zato. Mutumin zongo bai shiga wannan ma'auni ba. Yana da sunan yanka, da sunan mahaifi, wani lokaci da sunan gari ko ƙabila, sannan da laƙabin da duk unguwa ta san shi da shi, wanda idan aka rubuta sunan yankansa kaɗai ɗan aike zai yi ta yawo bai same shi ba. Akwai matar da sunan ɗanta ake kiranta da shi. Akwai dattijon da ambaton sunansa tsirara a kan ambulan rashin kunya ne, musamman idan wasiƙar daga surukai ta fito. Rubutun sunan ma bai tsaya wuri ɗaya ba: Muhammad da Mohammed da Mahama, Abdullahi da Abdulai, Husaini da Fuseini, A'isha da Ayishetu, Sa'idu da Seidu. A katin biki wannan bambanci ba ya kashe kowa. A takardar shaidar makaranta kuwa yana iya jawo wa yaro wahala bayan shekara goma, ranar da aka ajiye ta kusa da katin ɗan ƙasa na Ghana Card aka ga harafi biyu sun saɓa, aka tura shi neman takardar rantsuwa. Saboda haka makarantar da ta san ciwon kanta takan kwafi suna daga takardar haihuwa, ba daga bakin yaro ba.

Muƙami kuwa rai gare shi, yana girma. Malam na bara ya sauke farali, bana Alhaji ne. An naɗa wani sarauta, wani ya zama na'ibin liman, wata ta zama magajiyar ƙungiya. Jadawalin da aka shirya shekara uku da suka wuce bai san da haka ba, kuma zai maimaita kuskurensa a kowace takarda ba tare da ya ji nauyi ba. Mafi ciwo shi ne gayyatar biki ta isa gida da sunan wanda aka yi wa addu'ar arba'in watan jiya. Ga kuma maƙwabtaka da fadar Asantehene ta Manhyia: wasiƙar da za ta je wa basaraken Asante tana buɗewa da Nana, tana da nata ladabi, ba a haɗa ta a buhu ɗaya da ta sauran jama'a. Dabarar da ta fi aiki ita ce a yi watsi da shiryayyen layin gaisuwa, a buɗe gida na musamman a jadawali, a rubuta wa kowane mutum cikakkiyar gaisuwarsa kamar yadda za a faɗe ta a gabansa. Yana cin lokaci a karon farko, amma shi ne wurin da ya cancanci a kashe lokacin. Idan wasiƙar da Hausa ce, akwai ka da ki da ku. Word tana da ƙa'idar sharaɗi, idan gidan jinsi ya nuna mace a sa kaza, in ba haka ba a sa kaza, kuma tana aiki. Sai dai sanin wanda ya kai a ce masa ku ba ya cikin gidan jinsi. Wani ne zai zauna ya yanke, mutum bayan mutum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsarin gidaje yana ƙara wani abu. Gida ɗaya a Akwatia Line ko Yalwa yana iya tura yara shida makaranta guda, wasu uba ɗaya uwa daban, wasu 'ya'yan riƙo. Gami na yau da kullum layi ɗaya takarda ɗaya yake bayarwa, don haka maigida zai karɓi takardar kiran taro shida. Tara yara da yawa a ƙarƙashin uba ɗaya a takarda guda abu ne da Word ba ta yin sa cikin sauƙi. Ya fi dacewa a shirya jadawali na biyu na iyaye. Adireshi kuwa, an daɗe ana dogaro da akwatin gidan waya, wanda gida goma ke iya tarayya a kansa. A Oktoban 2017 aka ƙaddamar da GhanaPostGPS, kowane wuri ya samu lambarsa. Duk da haka takardar zongo da hannu take tafiya, kuma gidan da ya fi amfani a jadawali shi ne na unguwa da na wanda zai kai, domin a jera takardun kashi-kashi tun daga firinta.

Hanyar neman taimako ta sauya fiye da aikin kansa. Yau sakataren ƙungiya yana da waya a hannu. Zai kalli bidiyo a YouTube, ya tsayar ya gwada ya koma baya. Zai ɗauki hoton fuskar kwamfuta ya tura wa ƙaninsa a Accra ko Jamus ta WhatsApp, amsa ta dawo da murya, da Hausar zongo mai gauraye da Turanci da Twi. Kwanan nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shigo, ana rubuta musu matsala su ba da matakai. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Cewa abin ya ƙi yi ba ta isar da mai taimako ko'ina. Tambayar da ke samun amsa ita ce mai faɗin wace manhaja ce kuma ta wace shekara, a ina jadawalin yake, me aka so ya fito, me ya fito a maimakonsa. Mafi yawan bayanin da ke akwai da Turanci ne, misalansa kuma na ƙasashen da sunaye da adireshi suka dace da ma'aunin manhaja. Microsoft ya taɓa fitar da fuskar Hausa ta Windows da Office, amma koyarwa a shaguna da makarantu da sunayen Turanci ta ci gaba, don haka bayanin Hausa a baki ya tsaya, daga mai sani zuwa mai tambaya. Rubutaccen jagora da Hausa, mai misalai da sunayen zongo da lambobin Ghana, gibi ne da malaman kwamfuta na unguwa za su iya cikewa.

Sauƙin tambaya ya zo da haɗarin da ba a san shi ba a zamanin zaure. Mai neman taimako yakan tura jadawalin gaba ɗaya, da sunayen yara da lambobin iyayensu da bashin da ake bin kowa, zuwa ga wanda bai taɓa gani ba. Ko ya gama aiki a shago ya tafi ya bar fayil a kwamfutar da kowa ke zama a kai. A ƙasar da lambar waya ta zama asusun kuɗi tun da MTN ya fara Mobile Money a 2009, jerin lambobi da sunaye kaya ne mai daraja a wurin 'yan damfara. Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, kuma makarantu da ƙungiyoyi masu tara bayanan mutane suna cikin waɗanda ta shafa. Wanda zai nuna matsalarsa ga baƙo, layi uku na sunayen ƙirƙira sun ishe shi. Shekarun dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, musamman 2015, sun kuma koya wa masu aikin su riƙa adanawa a kai a kai, su ajiye kwafin jadawali a wuri biyu, domin wuta na iya ɗaukewa ana shafi na saba'in, filashi kuma na iya kwaso cuta daga kwamfutar shago.

Yawan wasiƙun takarda ya ragu. Sanarwar suna ko aure yanzu hoto ne guda da ake zubawa a zaurukan WhatsApp, ko sanarwa a gidan rediyo da lasifikar masallaci, babu sunan kowa a kai. Gami ya koma inda suna ya zama dole: takardun sakamako, shaidar kammala karatu, katin ɗan ƙungiya, rasit na gudummawa, saƙon tes da ake tura wa iyaye da yawa lokaci guda kowa da sunan ɗansa. Ya kuma tsaya a kan ambulan na manya, domin liman da sarki da dattijon gida ba a gayyatarsu da hoton da aka watsa wa kowa. A gidajen da ake kula da wannan, aikin yakan rabu tsakanin mutum biyu. Saurayi ko budurwa mai kwamfuta ya shirya jadawali ya fitar da samfuri, sannan a kai wa wani babba, a karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya. Shi zai ce wannan ya je Makka bara, wannan ta koma Tafo wurin ɗanta, wannan Allah ya yi masa rasuwa a sa sunan ƙaninsa, wannan kuma ba a aika masa yaro, da ƙafa za a je. A gyara jadawalin nan take don gaba, a buga, a jera ambulan unguwa-unguwa, a ɗora ƙullin goro a kan na dattawa, 'yan aike su fita bayan sallar la'asar.